Larabar da Doguwa Ta Bayar

Ofishina lungu ne da aka toshe da katako aka yanka masa taga, tsakanin sashen gaggawa da matakalar bene. Teburi ɗaya, kujera mai gurguwar ƙafa, fanka mai yawan kuka ba iska, sai allo biyu a bango. Na dama na gadaje ne, gado ɗari da goma sha huɗu: wanne ke da mutum, wanne babu kowa, wanne aka ce za a sallami mai shi tun jiya amma likita bai sa hannu ba. Na hagu na ma'aikata ne: wa ke aikin safe, wa ke na yamma, wa ke na dare. Shekara goma sha ɗaya ina zaune tsakanin allunan nan, kuma ban taɓa ganin ranar da aka tashi ba wanda ya zage ni a ransa ba. Mai neman gado gani yake na ɓoye gadon a jaka. Mai neman hutu gani yake don ƙeta na sa shi aikin Lahadi. Tun abin yana damuna har ya daina.

A allon hagu akwai suna ɗaya da ba na rubuta shi shi kaɗai. Na wata tsohuwar nas ce ta ɗakin mata na sama, wadda kowa ke kira Mai Hannu. Ta samu laƙabin ne wajen neman jijiya. Mara lafiyar da aka soka sau biyar ba a dace ba, har mai jinyarta ta fara harare-harare, sai ka ji an ce a kira Mai Hannu. Ta zo ta shafa da yatsa biyu tana yi wa matar hira, kafin ka ce kwabo ruwa ya fara ɗiga. Ita ta koya min aiki ina sabuwar nas, tun kafin ciwon baya ya dawo da ni bakin teburi. Ita ta riƙe ni ranar haihuwata ta fari, tana min faɗa wai in daina ihu ina kunyata ma'aikata. Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce min ƙanwata.

Wata goma sha tara kafin abin da zan ba ku labari, ta shigo lunguna da rana tsaka, ta ja marfin tagar ta rufe, abin da ba wanda ya isa ya yi sai ita. Ta ajiye min wata 'yar kwalbar allura a kan teburi.

"Ƙanwata, karanta min abin da ke jiki."

Na karanta, ina dariya, na ce ko jarrabawa aka dawo yi mana.

"Ni ba na ganinsa," ta ce. "Wata huɗu ke nan."

Ciwon suga ne ya taɓa mata ido. Tana ganin mutum, tana ganin ƙofa da gado da manyan lambobin da ke bango. Amma ƙananan rubutun jikin kwalba, da wannan tsutsar da likitoci ke ja a fayil suna ce mata rubutu, duk sun zame mata hayaƙi. Saura mata shekara biyu ta cika talatin da biyar a bakin aiki. In ta kai kanta ofishin ma'aikata, a ranar za a tura ta gwaji, a ce ta je gida ta huta saboda lalura. Ita kuwa so take ta kai ƙarshen wa'adinta, a taru a ɗakin shan shayi a yi mata jawabi, ta karɓi takardar yabo, ta fita ta ƙofar gaba.

"Da ƙafata na shigo gidan nan," ta ce. "Ki taimake ni in fita da ƙafata."

Na san abin da za ku ce. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma ran mutane ba abin yi wa wani alfarma da shi ba ne. Ni ma na faɗa wa kaina hakan, ba sau ɗaya ba. Amma ba ku ga fuskarta a ranar ba, kuma ba ku ne ta wanke wa jariri ba. Na ce mata ta bar min komai.

Dabarar mai sauƙi ce. Akwai wata nas a ɗakin nasu, yarinya mai natsuwa wadda tsawonta ya sa ake ce mata Doguwa. Muka kira ta muka faɗa mata, ta ce ta ji. Daga ranar duk inda na rubuta Mai Hannu, Doguwa na ƙarƙashinta. Aikin safe tare, na yamma tare, hutu tare, na dare kuwa ban sake sa su ba. Doguwa ta karanta fayil, ta zaɓo kwalba, ta zuƙe maganin. Mai Hannu ta nemo jijiya ta yi allurar, ta gyara kwanciyar mara lafiya, ta ji zafin jiki da tafin hannu tun kafin ma'auni ya faɗa. Ido ɗaya, hannu ɗaya. Wallahi a duk benen nan babu inda aiki ke tafiya kamar ɗakinsu.

Ƙorafi kam an yi. Aka sa musu suna tagwayen jadawali. Wata ta zo tagata tana tura baki wai su waɗanda ba su da uwa a gindin murhu su ne na aikin dare. Na ce mata in ta shekara talatin tana kwashe fo, ta dawo mu yi magana. Haka na riƙa toshe baki ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura wata biyar.

To, akwai yadda muke musanyar aiki a asibitinmu. A ƙa'ida takarda ake cikewa, mutum biyu su sa hannu, ni ma in sa. Takardar tana nan a durowa, ta yi ƙura, ban jin an taɓa ta tun zuwana. Abin da ake yi shi ne mutum ya leƙo tagata ya ce, na ba wane Talatata ya ba ni Alhamis ɗinsa. In na ce to, magana ta ƙare. Wannan to ɗin tawa ta fi sa hannu ƙarfi, domin kowa ya san ma'anarta: na ji, na duba, na toshe duk ramin da musanyar za ta buɗe. Ban taɓa cewa to in bar rami ba. Da wannan nake taƙama, har ina cewa kaina ya fi kwamfutar ofishin sama.

Ranar wata Talata da hantsi, bangon wani gini da ake kan yi ya rufto wa leburori. Mutum goma sha huɗu aka kawo mana a bayan motoci, wasu a kan ƙyauren ƙofa, duk sun yi fari fat da siminti. Gado uku gare ni a ɗakin maza. Waya a kunnen dama, wata wayar a hannun hagu, 'yan'uwansu sun cika tagar kowa yana miƙo kati, likitan ƙashi yana tsaye a kaina yana tambayar inda zan sa masa mutum biyar. A cikin wannan hargitsin na ji muryar Doguwa ta saman kawunan mutane.

"Anti, makarantar ɗana sun ce lallai in zo gobe. Na ba Ango Larabata, ya ba ni Asabar ɗinsa. Ki duba maganar Yaya."

Ango wani nas ne da ya yi aure shekara huɗu da suka wuce, sunan ya ƙi sakinsa har yau da 'ya'yansa biyu. Mutumin kirki, amma bai san komai game da idon Mai Hannu ba.

"To," na ce, ban ko ɗaga kai ba.

Doguwa ta tafi hankalinta kwance, tunda na ce to. Ni kuwa kafin in samar wa mutum na goma sha huɗu katifa a baranda, maganar ta fice min fit. Ban goge allo ba, ban kira Mai Hannu na ce ta ɗauki hutun rana ɗaya ba, ban yi komai ba. Na koma gida ƙafafuna sun kumbura, ina ma yaba wa kaina.

Washegari da safe aka kawo wata dattijuwa, numfashinta yana sarƙewa. Tare da ita akwai 'yarta, mace mai tabarau da wayoyi biyu, irin waɗanda ke tambayar sunanka kafin su gaishe ka. Tun a taga ta fara: awa nawa za su jira, wane likita ne, me ya sa benci ya karye. Na ce a raina wannan sai ɗakin da ba a kuskure. Na waiga allon hagu, na ga Mai Hannu, na ga Doguwa a ƙarƙashinta da rubutun hannuna na makon jiya. Na rubuta gado na tara, ɗakin mata na sama, na miƙa mata katin har da murmushi.

Abin da ya faru a sama daga bakin Ango da masu jinyar ɗakin na ji shi. Mai Hannu ta iso ta tarar da shi a madadin Doguwa, sai ta ce masa yau shi ne mai magani, ita ce mai gado, ya ji daɗi wai an girmama shi. Haka suka lallaɓa har wajen sha ɗaya. Sai aka aiko a kai wata mata ɗaukar hoton ƙirji, babu mai tura keke, Ango ya tura da kansa. Bai fi minti biyar da fita ba numfashin dattijuwar gado na tara ya ɗauke, leɓenta ya fara canza launi. Mai Hannu ta sa mata iska, ta kira likita. Likitan yana ƙasa hannunsa cikin ciwon wani lebura, ya faɗa mata sunan allura ta waya, ya ce ta yi yanzu-yanzu, ga shi nan tafe.

Ta san inda allurar take a kabad, layi na biyu daga hagu, ko cikin duhu za ta ɗauko. Sai dai a makon an kawo sabbin kaya, an jera wata allurar daban a gefenta, kwalbarsu girma ɗaya, wuya ɗaya. Ta ɗauko biyun ta ɗaga su saitin taga. Hayaƙi.

Na sha juya wannan wurin a raina. Da ta yi canke, da wuya ta kuskure, shekara talatin da huɗu ba wasa ba ce. Da ta dace, da ba wanda zai taɓa sani. Ba ta yi canken ba. Ta tako har bakin gadon, ta miƙa wa mai tabarau kwalaben biyu.

"'Yata, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Karanta min, wacce ce wannan, wacce ce wannan?"

Matar ta karanta mata. Mai Hannu ta zuƙa, ta samu jijiya a sukar farko a hannun da ya riga ya yi sanyi. Kafin likita ya hawo bene dattijuwar ta buɗe ido tana neman ruwa. Bayan kwana shida ta koma gida da ƙafarta.

'Yar kuwa shafi uku ta rubuta wa Babban Likita. Na ga takardar. Ban ga ƙarya ko ɗaya a ciki ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ta ce ta gode da aka ceci uwarta, amma tana so a gaya mata abin da zai faru da a ce ita ba ta iya karatu ba, ko ta fita sayen ruwa.

Aka dakatar da Mai Hannu, aka sa ranar zama. Ana saura kwana biyu, mutumin ofishin ma'aikata ya tare ni a matakala. Siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, kullum da fayil a hammata kamar da shi aka haife shi.

"Bari in gaya miki yadda abin yake, don kar ki ce ba a faɗa miki ba," ya ce. "Hanya biyu ce. In wani na sama da ita ya san da lalurar, to ba ta ɓoye wa asibiti ba. Sai a sallame ta a kan rashin lafiya, da mutuncinta, shi kuma wanda ya sani ya amsa tambaya. In ba wanda ya sani, ɓoyewa ce, kuma ɓoye irin wannan kora ce. Kin gane?"

Na ce na gane.

"Ita dai ta ce ta faɗa wa wani. Mun ce wa, ta ce ba za ta kama suna ba, in mutumin yana so zai faɗa da bakinsa." Ya gyara fayil ɗinsa. "Doguwa kuma ta ce ita karatu aka ce ta yi ta yi, ba ita ke rubuta jadawali ba."

Da yamma ina yanka albasa na faɗa wa Baban yara. Direba ne, shekararsa guda ke nan yana zaune tun da kamfaninsu ya rufe, kuma zaman ya sa masa saurin tsoro. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Amsa tambaya kamar yaya? Su sauke ki?"

"Ko su kore ni."

"To ke da kike da 'ya'ya huɗu a makaranta? Ita fa ta gama nata, 'ya'yanta sun girma. Kin yi mata wata goma sha tara, wa ya yi mata ko kwana ɗaya? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa ake yi, ba cusa kai ake yi a ciki ba."

Na ce masa ba shi da kunya, matar da ta karɓi haihuwar babban ɗansa. Na yi masa tas, har yara suka leƙo. Ya ɗauki kofinsa ya fita tsakar gida. Na ci gaba da yankan albasata ina jin kaina wata jaruma, na ma shirya jawabin da zan yi a zaman, kalma bayan kalma.

Ɗakin taron yana hawa na uku, inda na'urar sanyaya ɗaki ke aiki ko da ta ɗakin haihuwa ta mutu. Dogon teburi, Babban Likita a tsakiya, shugabar nas-nas a damansa, mutumin ofishin ma'aikata a hagu. An shimfiɗa jadawalina na wata goma sha tara a kan teburin, an bi sunaye biyu da alƙalami ruwan ɗorawa. Tun daga bakin ƙofa nake hango layukan, biyu-biyu, daga wannan ƙarshen teburin har wancan. Ban taɓa ganin aikina a shimfiɗe haka ba.

Babban Likita bai ɗaga murya ba. Ya tambayi lafiyar bayana, ya yaba yadda na yi da leburorin nan. Sannan ya ɗora yatsa a kan takardun.

"Wata goma sha tara ba su rabu ko sau ɗaya ba, sai ranar Larabar nan. Me ya sa?"

Jawabin da na shirya yana nan a bakina. Na buɗe baki, sai na ji wata murya mai kama da tawa tana cewa jininsu ne ya haɗu, aiki yana kyau in suna tare, ni kuma ba na raba abin da ke tafiya daidai.

"Aikin dare fa?"

"Saboda shekarunta ne, ranka ya daɗe."

Shugabar nas-nas ta kalle ni ta saman tabarau. Tare muka yi makaranta, ta san ni, ta san Mai Hannu, ta san komai in dai ba so take kar ta sani ba. Ta mayar da idonta kan takarda.

"Tambaya ta ƙarshe," Babban Likita ya ce. "Kin san da matsalar idonta?"

Ba wanda ya tsare ni da bindiga. Ba wanda ya daka min tsawa. Ina jin ƙarar na'urar sanyi, ina kallon wani ƙuda da ya maƙale a jikin labule.

"Ban sani ba," na ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sauƙin da ta yi wajen fita. Mutumin ofishin ma'aikata ya rubuta, ya juyo min da takardar, na sa hannu. Aka ce na iya tafiya, a riƙa cike takardar musanya daga yau. Na sauko bene, na tarar da mutum bakwai a tagata suna jiran gado, na zauna na ba su.

Ranar Litinin na goge sunanta daga allon hagu. Alli ne, shafa ɗaya ya fita. Na sa wata sabuwar yarinya a gurbin, na mayar da Doguwa aikin dare kamar kowa. Doguwa ba ta yi min rashin kunya ba, da ma ta yi da na samu sauƙi. Ta dai daina ce min Anti. In tana son musanya sai ta ciro takardar nan mai ƙura, ta cike ta tsaf, ta ajiye a bakin taga ta wuce. Baban yara ya yi ta lallaɓa ni kwana biyu, yana min sannu ba dalili, na ce in ya sake min sannu sai na bar masa gidan. Ba shi na tsana ba, shi ma ya sani.

Sai da aka yi mako biyu shugabar nas-nas ta aiko a kwashe kayan da ke cikin lokar Mai Hannu, ana son ba wa sabuwar. Na ce ni zan kai mata. Ba wani abin kirki a ciki: farin takalmi da dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya, kofin roba, ƙaramin agogon da ake maƙalawa a ƙirji, man zafi, da wani gilashin ƙara girman rubutu da ta naɗe a cikin safa. Duka suka shige leda ɗaya.

Gidanta yana ƙarshen wani layi bayan gidan mai, ƙofa shuɗiya, da bishiyar lemo da ta leƙo ta kan katanga. Na fi minti goma a tsaye a waje kafin in ƙwanƙwasa. Autarta ce ta buɗe, budurwa mai shirin gama jami'a. Ta gaishe ni a taƙaice, ta yi gaba na bi ta.

Tana zaune a falo kusa da taga, cikin kayan gida, rediyo a gefenta an rage murya. Ban taɓa ganinta da rana ba farin kaya ba sai na ga ta ƙanƙance. Ta gane ni tun daga takuna.

"Ke ce? Shigo mana. Auta, kawo mata ruwa."

Muka gaisa. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi bayana, ta tambayi dattijuwar gado na tara. Na ce ta warke. Ta ce alhamdu lillahi, har cikin ranta. Na miƙa mata ledar, ta laluba ciki, ta ciro agogon ta kara a kunne, ta mayar. Ina ta jiran ta fara, ta zage ni, ta ce min butulu, in samu in yi kuka in roƙe ta. Ba ta fara ba.

Sai ta sa hannu ƙarƙashin matashin kujera ta ciro ambulan mai tambarin asibiti.

"Ga takardar da suka aiko min. Karanta min."

Na karɓa. Shafi ɗaya ce. Na fara karantawa, muryata tana fita kamar ta mai sanarwa. Cewa kwamiti ya zauna ranar kaza. Cewa an tabbatar tana da lalurar gani wadda ta shafi aikinta. Cewa ta ci gaba da aiki ba tare da sanar da hukumar asibiti ba. Sai idona ya sauka a kan layin da ke biye, na ga sunan muƙamina a ciki. Na tsallake shi, na wuce wurin da aka ce saboda haka an kore ta daga aiki daga ranar kaza, ta mayar da katin shaida da duk kayan asibiti da ke hannunta. Na ninke takardar.

A rediyo ana ta maganar farashin taki.

"Kin bar layi ɗaya," ta ce.

Na kalli takardar da ke hannuna.

"Auta ta karanta min ita sau uku ranar da ta zo. Na haddace ta. Ba don ban san abin da ke ciki ba na ba ki." Ta juyo da fuskarta saitina, idanun nan suna kallon wani wuri kusa da kunnena. "Na ce ko kuskuren mai buga takarda ne. So nake in ji shi a bakinki."

"Yaya, ki bari in yi miki bayani."

"Ba bayani na tambaye ki ba. Karanta."

Na buɗe takardar. Na karanta mata cewa jami'a mai kula da karɓar marasa lafiya da jadawalin ma'aikata ta tabbatar wa kwamiti, a rubuce, cewa ba a taɓa sanar da ita wannan lalura ba, kuma ba ta da masaniya a kai.

Ta gyaɗa kai a hankali, sau biyu, irin yadda take yi in likita ya faɗi sakamakon da dama ta zata. Ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ta ninke ta a kan tsohon ninkinta, ta mayar cikin ambulan, ta tura ƙarƙashin matashin. Ruwan da aka kawo min yana nan a kan teburi ban taɓa ba.

"Auta," ta kira, ba tare da ɗaga murya ba. "Zo ki raka baƙuwa, ki nuna mata hanya."

Yarinyar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Na tashi na bi ta, ta wuce da ni ta tsakar gidan da na fi shekara ashirin ina shiga ba sallama, ta buɗe min shuɗiyar ƙofar, ta jira na fita ta rufe.